Dalilin Unguwar Gai

Tun bayan zaɓe maganar ke yawo a Madachi, wai da taliya da sabulu aka saye mutanen Unguwar Gai suka ƙi ɗan takarar da Madachi ta bi. Shekara biyu ba mai zuwa musu suna ko gaisuwa.

Wata tsohuwa a Madachi ba ta yarda ba, don ƙaninta na can, kuma ta san halinsa. Da ta ji ba shi da lafiya, ta ɗauki mayafi.

Ɗanta ya ce, "Inna, wulaƙanci za su yi miki."

"Kai masani, wa ka taɓa tambaya cikinsu?"

Ta tarar da ƙanin a zaure, ya rame. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Wai me mutumin nan ya yi muku?"

"Yaya, ke kika fara tambaya."

Ya dogara sanda ya kai ta bayan gari. Daga nesa ya nuna mata turakun masu awon titi.

Titin da ɗan takarar ya yi alkawari, wanda Madachi ta yi wa guɗa, ta tsakiyar maƙabarta zai ratsa, ta kan kabarin mahaifiyarsu.