Ranar da Burul Ta Fara Jin Maganar 'Yarta

Burul tana da 'ya guda, Sezim, wadda zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana goye. Mijinta yana can Rasha wurin aikin gini, saboda haka su biyu ne a gidansu da ke ƙauyen kan dutse a yankin Narin. Yarinyar ta kai shekara takwas, amma abin da ke tsakaninta da uwarta bai wuce nuni da jan hannu ba.

Wata rana shugaban makarantar ƙauyen, Toktosun-agai, wato Malam Toktosun, ya zo gidan. Burul ta shimfiɗa masa, ta kawo burodi da shayi mai madara.

Ya ce, "Ƙanwata, an kafa mana babban allon bidiyo a makaranta. Akwai malama a can babban birni, Bishkek, da ke koya wa yara kurame maganar hannu ta cikinsa. Tana ganinsu, suna ganinta. Ki kawo Sezim."

Burul ta ɓata rai. "Agai, so kake a haska 'yata duk ƙasa ta san kurma na haifa? Bakin matan ƙauyen nan ma ya ishe ni."

"Ba talabijin ba ne fa. Aji ne, daga malama sai ɗalibanta."

"Ni na haife ta, ko ido ta ƙifta na san abin da take so. Sha shayinka kada ya huce."

Ya sake dawowa, ya kuma turo matarsa, duk Burul ta ƙi.

Da sanyi ya fara shigowa, kogi ya daskare daga sama. Kowane gida an ja wa yara kunne cewa kada su hau, ƙanƙarar ba ta yi kauri ba tukuna. Burul ma ta nuna wa Sezim kogin, ta girgiza kai, ta ɗauka ta gane. Ita kuwa yarinyar ta zaci wanka ake hana ta.

Wata rana da hantsi Sezim ta bi wata tunkiya da ta ɓalle, ta hau kan ƙanƙarar. Makiyaya suna ta ƙwala mata ihu daga gaɓa, ba ta ko waiwayo ba. Ƙanƙarar ta fashe da ita. An ciro ta da rai, amma kafin doki ya kawo ta gari ƙafafunta sun sandare. A asibitin gunduma aka yanke yatsun ƙafarta ta hagu.

Likita ya so ya yi wa yarinyar bayani, sai ya kira malamar nan ta Bishkek ta cikin wani allon bidiyo da ke asibitin. Sunanta Meerim. Ta yi ta motsa hannuwa tana murmushi, Sezim tana kallonta kawai. Daga baya malamar ta dubi Burul, ta kira ta da eje, wato yaya, don girmamawa, ta ce a hankali, "Eje, 'yarki tana da kaifin hankali. Kalma ce ba ta da ita, ko ɗaya. Ko sunanta ba ta sani ba."

Burul ta fita baranda ta toshe bakinta da ɗankwali.

Suna komawa gida, ita da kanta ta goya Sezim zuwa makaranta. Toktosun-agai ya jawo kujera biyu gaban allon.

"Ta biyun ta wa?" in ji Burul.

"Taki. In ta koya ke ba ki koya ba, da wa za ta yi hira, da tumaki?"

A allon akwai yara daga ƙauyuka daban-daban, kowa a ɗan gurbinsa, Meerim-eje a tsakiya. In iska ta yanke layi, malamar takan sake kira bayan an tashi, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Yatsun Burul da suka saba da tatsa suka yi ta kuskure, Sezim tana kama su tana gyarawa tana dariya.

Kafin lokacin zafi da ake hawa dutse kiwo ya zo, gidan ya cika da surutu marar sauti. Ashe yarinyar mai labari ce. Ta san karen da ke satar ƙwai, ta san maƙwabciyar da ke kwaikwayon tafiyar surukarta. Wata safiya ta tsaya gaban uwarta, tana ɗingishi, ta ɗaga hannuwa ta kira ta Apa, wato Inna, ta ce, "Apa, da ina zaton ni kaɗai ce haka a duniya."

Burul ta ɗaure zuma da busasshen cuku ta ba direban motar Bishkek ya kai wa Meerim-eje. A darasi na gaba ta miƙe gaban allon, ta yi godiya da hannu, ba kuskure ko ɗaya. Malamar ta ce, "Ni ce da godiya, eje. Amma zumar ta ƙare, yarana sun gama da ita."

Jama'a, ɓoye yaro mai lalura saboda tsoron bakin mutane cutar da shi ne. In ilimi ya zo har ƙofar gida, ko ta allo ne, mu tambaya mu fahimta, mu kai 'ya'yanmu tun kafin jahilcinmu ya jawo musu abin da ba ya gyaruwa.