Sunan Ɗan Farin Goggo Tabawa

Tun da sojoji suka liƙa na'urar saurare a jikin kowane famfon unguwa, mata suka koma ɗibar ruwa shiru kamar a gidan makoki. Dokar ɗaya ce: duk wanda ya ambaci sunan wani daga cikin waɗanda aka harbe a bakin gada, katin ruwansa ya mutu.

Da hantsi Goggo Tabawa ta shiga layi da jarkarta. Ɗanta na fari yana cikin mutanen gada. Shekara talatin da huɗu ya yi a duniya, ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa, har ranar da aka hana ta gawarsa.

Malam Tanimu mai tsaron famfo ya karɓi katinta yana murmushi. "Ke kam, Goggo, dokar nan ba ta takura ki ba. Da ma can ba kya faɗin sunan."

Goggo ta dube shi. Wato kunyar da ta yi wa ɗanta ce suka ɗauka biyayya gare su?

Ta dangwarar da jarkar, ta kai bakinta daf da na'urar.

"Ilyasu! Malamin firamare ne, da alli a aljihunsa kuka harbe shi. Ni na haife shi. Ilyasu!"

Nan take ruwan ya ɗauke.

"Goggo, kin kashe katinki!" in ji Tanimu.

Matar da ke bayanta ta ajiye bokitinta, ta matso gaban na'urar, ta gyara murya.