Kwabbai a Kan Rufin Inna

An yi wani tela, mutum mai hankali a komai in ban da abu ɗaya: tsofaffin kuɗin da aka daina ciniki da su. Ba sayarwa yake yi ba, tarawa yake yi. In ka miƙa masa ɗaya, kafin ma ya duba sai ya sake shi a kan siminti ya saurari ƙararsa, ya ce maka wannan farin ƙarfe ne na zamanin da, wannan kuwa tagulla ce ta daga baya. Sannan ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu ya leƙa gefen hudar da ke tsakiyarsa, inda maƙeran Turawa suke sa wani ɗan harafi kamar ƙwayar gero don a san maƙerar da ta buga shi. Ni da kai mu ce kwabo kwabo ne. Shi kuwa anini da sisin kwabo da kwabo mai huda, kowanne ya san danginsa da shekararsa. Guda ɗaya ne ya gagare shi. Akwai wani jan kwabo da aka yi kuskure wajen bugunsa, fuska ɗaya shekarar sarauniya, ɗaya fuskar kuma sunan sarkin da ya riga ya mutu. Ya bi kasuwanni, ya bi 'yan koli da masu sayen tsohon ƙarfe, ya zazzage gwangwanayen tsofaffi, shiru.

Ana nan sai ya je ƙauye gaida mahaifiyarsa, ƙarshen bazara, shamuwa ta riga ta sauka. Ɗaki ɗaya tsohuwar take da shi. A nan take kwana, a nan buhunan geronta suke, har da irin da za a shuka mata bana. Mijinta marigayi ne ya rufa mata shi, kafinta ne. Da aka canza kuɗi, kwabbai suka koma ba sa sayen ko ƙuli-ƙuli, sai ya ba su aiki: kowace ƙusa zai buga a kwanon rufin sai ya zura mata kwabo, ya danne kwanon, ya hana ruwa bin ramin. Tagulla ai ba ta tsatsa, sai dai ta yi kore. Telan a ƙarƙashin rufin nan ya girma, bai taɓa sani ba. Ranar ya hau tsani zai sauko mata da kuɓewar da ta shanya, sai ga su jere sahu-sahu, kowanne da ƙusa a cibiyarsa. To, kwabo ba a gane shi da fuska ɗaya, balle wanda kore ya rufe. Dole a ciro shi, a shafa masa mai, a juya.

Tsohuwar ta ji ƙwanƙwasa a bisa kanta, ta fito. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kai, me kake tona mini a ka?"

"Dubawa kawai zan yi, Inna, in mayar."

"Ubanka bai buga su don kallo ba. Dubi gabas tukuna."

Ya duba, ya ga hadari can ƙasa-ƙasa, ya ce a ransa wannan bai nuna ba. Ya ci gaba. Kwanon ya tsufa, tsatsa ta ci bakin kowane rami, ashe kwabon ne kaɗai yake riƙe da shi. Da an zare ƙusar sai ramin ya ɓurme har babban yatsa ya shige. Katakon ma ya bushe, ƙusar da ta fita ba ta komawa ta kama, sai lilo. Kada ka ce bai gani ba. Mutumin da ke ganin harafi kamar ƙwayar gero ba zai kasa ganin rami kamar bakin tulu ba. Cewa ya yi ranar kasuwa zai kawo kafinta da sababbin ƙusoshi. Sahu ɗaya ya ce zai duba, sahun ya ja na kusa da shi, har ya zo wajen indararo. A nan ya same shi. Na gaskiya kuwa, shekarar sarauniya a gaba, sunan sarki a baya, ba ko lanƙwasa. Ya sauko da shi ya nuna mata. Ta dubi tafin hannunsa, ta dubi rufinta, ta koma ta ci gaba da tankaɗe.

Hadari bai jira ranar kasuwa ba. Bayan la'asar iska ta taso, ta sa hannu ƙarƙashin kwanon ta ɗage shi kamar an buɗe faifai daga kan ƙwarya, ta yar a gonar maƙwabta. Ruwa ya sauka a kan gado da buhuna. Suka yi ta jan abin da ya jawu, shi da tsohuwa mai ciwon gwiwa, amma buhun gero in ya sha ruwa ba ya jawuwa. Kafin a samu rana geron ya tsira a cikin buhu, irin ya ruɓe, bangon ƙasa ya jiƙe ya zauna. Matar da tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa kwana a ɗakin wani ba, daminar nan a ɗakin maƙwabciya ta yi ta, tana cin tuwon da aka ga dama aka ɗebo mata. Ya ce ta biyo shi birni, ta ce kabarin mijinta ba a birni yake ba.

Kwabon yana nan a wurinsa. Abokan tarinsa sun ji labari, suna zuwa su ce ya fito da shi su gani, sai ya ce musu wata rana, ya mai da kansa kan keken ɗinki. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira an rasa ido.