Ramin da Yatsa Ya Bari

Tun da aka sanar da likitan cewa masu bincike za su turo wani cikin shigar marar lafiya don a auna ƙwarewarsa, ya daina yarda da duk wanda ke kan layin ganinsa. Yau kuwa ya tabbata ya kama shi.

Dattijon da ke gabansa ya ce shi manomin rake ne daga Gubuchi, amma ya jero ciwonsa tiryan-tiryan kamar mai hadda: haki, kasala, tari in ya kwanta. Likitan ya saci kallon ƙafarsa. Sumul take, har da sheƙi, kamar ta ɗan ofis. Wane mai aikin fadama ne da irin wannan ƙafa?

"Baba, ka iya bayani," ya ce da murmushin gefen baki.

"Yawan maimaitawa ne, likita."

To, tunda maki ake bayarwa, zai ci. Ya wanke hannu, ya auna jini, ya saurari ƙirji gaba da baya, abin da ya shekara bai yi wa mutumin ƙauye ba. Don cika wasan, ya durƙusa ya danna ƙafar da babban yatsa.

Ya ɗaga yatsan, ramin da ya bari bai taso ba. Ashe kumburi ne, irin na zuciyar da ta gaji, kuma babu mai iya kwaikwayonsa.

Ya jawo katin dattijon. Zuwansa na uku ke nan. Zuwa biyun farko, rubutun hannun likitan kansa ne a kai: maganin zazzaɓi.

"Alhamdulillahi," in ji dattijon. "Yau dai ka ɗago ka dube ni."