Kunnen Suruki

Tsaya, malam, zare fitilar nan daga kunnena tukuna. Tarin da na yi yanzu da gangan na yi shi, ka kuwa ga yadda bakinta ya zabura ciki. Kunnen da duk makarantar nan babu mai kyansa, shi na ba ka aro ka koyi aiki, shi ne kake neman huda mini? Haka ake rama alheri? Ajiye ta, ka zauna, in ba ka misali.

An yi wani malamin asibiti a wani ƙauye, ya san aikinsa, ko da yake bai kamo ƙafata ba. Ya san fitilar duba kunne riƙon alƙalami ake yi mata. Ya san in babban mutum ne, ana kama saman kunnen a ja shi sama da baya kaɗan don hanya ta miƙe, a jingina ƙaramin yatsa a kuncinsa, yadda in kai ya motsa hannu zai bi shi. Ya san ba a tura ɗan mazurarin da ke bakinta inda ido bai riga ya gani ba. Wata safiya sai ga surukinsa, uban matarsa, yana lalube da sanda. Tsohon makaho ne mai tufkar igiya, kunnensa ne idonsa, da shi yake zuwa ko'ina ba ɗan jagora. Kunnen hagu ne ya toshe masa kamar an cusa auduga, tsoro ya hana shi sukuni. Yana shigowa ya ce wa masu jiran layi, "Ku matsa mini, ku baƙi ne a nan. Asibitin na ɗana ne." Aka yi dariya, aka ba shi kujera.

Shi malamin bai yi dariya ba, gumi ne ya karyo masa. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa cin abinci a gaban tsohon nan ba, gaisuwa ma daga nesa yake durƙusawa. Yau ga shi aiki ya ce ya kama kunnen surukinsa ya ja, ya ɗora yatsa a kuncinsa, ya kawo fuska har numfashinsu ya haɗu, mutane kuma na leƙe ta ƙofa. A ɗaki na gaba akwai abokiyar aikinsa tana auna jarirai, kira ɗaya ya isa ta zo ta karɓe shi. Sai zuciya ta ce masa, in ka miƙa shi ga wata, za a ce ka guji uban matarka. In kuwa ka damƙi kunnen, kafin azahar labari ya zaga kasuwa. Sai ya zaɓi tsakiya, wai ya yi aikin kuma ya tsira da kunyarsa.

Ya fara da kunnen dama mai lafiya, kamar yadda aka koya masa, don kada a kwashi cuta daga wancan a kai wa wannan. Amma bai ja kunnen ba, bai jingina yatsa ba. Ya riƙe fitilar ta can gindinta, hannu a miƙe, kamar mai ba kare mai cizo tuwo. Hanyar kunne kuwa a karkace take, ya leƙa bai ga komai ba sai gashi da duhu. Ya ƙara turawa kaɗan. Akwai wuri a cikin kunne da in an taɓa shi yakan tayar wa wasu tari, tsohon nan yana cikinsu. Ya yi tari ɗaya mai ƙarfi. Kai ya taho, hannu bai bi shi ba.

Ba a ji ihu ba. "Wash," kawai ya ce, sandar ta faɗi. Wani siririn jini ya biyo wuya ya shige cikin riga. Tsohon ya yi ta juya kai a hankali, can ya ce, "Ɗana, wa ya ɗauke injin niƙan nan ya kai shi bayan gari?" Injin kuwa yana nan bayan katanga, yana ruri har kwanon rufi na rawa.

Aka kai shi babban asibiti a birni. Kunnen hagu da ya kawo shi, dauɗa ce kawai ta taru, aka wanke ta fita. Na dama kuwa, likita ya ce dodon kunnen ya yage: wataƙila ya haɗe da kansa, wataƙila a'a, a kiyaye shi daga ruwa, a jira. Jiran nan shi ne azabar. Tsoho ya daina fita. Yana zaune a gindin katanga, ko babur ya wuce sai ya naɗe ƙafafu, don yana jin ƙara amma bai san ta ina take zuwa ba. Kullum da safe malamin yakan je ya durƙusa ta hannun daman tsohon ya ce, "Baba, ina kwana?" Tsoho sai ya juya hagu, ya amsa wa bango da fara'a.

To, ko ka kama kunne yadda ake kamawa, kunnen kowane ne, ko ka miƙa fitilar ga wanda zai iya. Hausawa sun riga mu faɗa: da muguwar rawa, gara ƙin tashi.