Cibiyar Uzair

Daktora Nora ta ɗora na'urar ɗaukar hoto a kan cikin jaririn, tana duba hoton. Watan Uzair huɗu, wannan ne zazzaɓinsa na uku.

Uwarsa Mujahida ba ta jin Larabci. Shekararta biyu a unguwar Nakkasa ta Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa taka asibiti ba sai yau. Maƙwabciyarta Hajo, dattijuwar da ta shekara talatin a Makka, ita ta rako ta don ta yi tafinta.

A ina aka haife shi? A gida. Ya yi kuka nan take? Ya yi. Hajo ta amsa duka ba tare da ta waiwayi uwar ba.

Likitar ta ja takarda ta zana da'ira, ta ɗiga ɗigo uku a ciki. Haka bakin cibiya yake idan an yanke, in ji ta, jijiya uku. Wani yaron da biyu yake zuwa. Galibi ba komai, amma akan duba masa ƙoda da zuciya tun makon farko. Ƙodar Uzair ta hagu ta riga ta kumbura. In an tabbatar biyu ne, yau za a duba zuciyarsa. In ba wanda ya sani, ya bi layi, mako shida.

Ta dubi Hajo. "Tambaye ta wa ya karɓi haihuwar. Matan nan masu reza da zare, duk wadda aka kama sai an mayar da ita ƙasarsu."

"Inna, me ta ce?" in ji Mujahida.

"Ta ce ki riƙa ba shi nono sosai."

Mujahida ta dubi zanen, ta yi ajiyar zuciya. "Ki gaya mata cibiyarsa lafiya lau ta faɗi, kwana biyar kacal."

Hajo ba ta fassara ba. Ɗigo ukun take kallo. Likitar ta buɗe kalanda, ta fara ƙirga makonni da bakin biro.

"Biyu ne," in ji Hajo da Larabci.

"Ban ji kin tambaye ta ba, ya Hajja."

Hajo ta fito da hannayenta daga cikin hijabi, ta ɗora su a kan tebur. Ba ta iya kallon Mujahida ba.

"Ita ba ta gani ba, ya daktora. Ni na yanke, ni na ƙirga, na binne ta ban gaya wa kowa ba."