Akwatuna Arba'in

Injiniya na buɗe shafin ya ga akwatunan, ƙanana, fanko, ɗaya a kowane layi. Ya yi murmushin wanda ya san cutar tun kafin mara lafiya ya zauna.

Mu masu gina shafukan intanet haka muke. Da mun ga akwati a tsakiyar rubutu, mun gama yanke hukunci: burauza ce, wato manhajar buɗe shafukan, ta kasa gane wata alama, ta ajiye wannan a madadinta. Ba ma tambayar kowa, don a wurinmu tambaya zubar da aji ce.

Aikin kuwa na surukarsa ne, shugabar wata makarantar firamare. Jarrabawar lissafi ta 'yan aji biyu take so a ɗora a shafin makarantar kafin Litinin. Shekara uku tana gabatar da shi a matsayin "mijin 'yata mai danne-danne", shi kuma ya ci alwashin wannan aikin ne zai kankare masa sunan.

Ya sauya samfurin haruffa. Akwatuna na nan. Ya gyara tsarin lambobin shafin, ya jawo manhajar nuna alamomin lissafi, ya gwada a burauza huɗu da tsohuwar wayar matarsa. Ko'ina suna zaune daram, girmansu ɗaya, tsaf da su.

"Ka kira Mama mana," in ji matarsa.

"In ce mata me? Na kasa?"

Ranar Lahadi da rana tsoro ya kama shi sosai. Sai dabara ta faɗo: tunda fayil ɗin ya haɗiye haruffan, shi zai dawo da su. Ya bi layi-layi, ya lissafo abin da ya ɓace, ya saka da hannunsa. Guda arba'in cif, ko kalkuleta bai taɓa ba. Har ya ɗan yaba wa ƙwaƙwalwarsa.

Litinin da hantsi surukar ta kira. Ya gyara zama, ya ƙure sautin wayar don matarsa ta sha labari.

"Injiniya, sannu da ƙoƙari."

"Haba Mama, ai ba komai."

"Akwai komai. Akwatunan nan ni na sa su, nan ne yara za su rubuta amsa. Na duba taka, ka ci arba'in bisa arba'in, sai ka zo gobe a kai ka aji uku."